Karyewar Wayoyin Wili a Babur Mai Akwatin Gefe: Nazari Daga Rumfunan Makanikan Apo, Abuja

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa wayoyin wili, waɗanda makanikai ke kira sifok, suke yawan tsinkewa a babur ɗin da aka ɗaura wa akwati mai ƙafa ɗaya a gefe. Ta yi jayayya da ra'ayin da ya ɗora laifin kan jabun kaya da lodi, ta kuma nuna cewa turin da ke zuwa wa wili daga gefe a kan kwana shi ne ummul'aba'isin ɓarnar.

Gabatarwa

Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja a watan Oktoba na 2006, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake Ministan Babban Birnin Tarayya, aikin babur ya koma bakin gari. Apo na cikin wuraren da suka ci gajiyar hakan, saboda ga kasuwar kayan gyara, ga kuma hanyoyin da suka nufi Waru da Kabusa. Babur mai akwatin gefe ba shi da yawa a nan, kuma akasari aikin masu walda ne: ko dai don mai buƙata ta musamman da ba ya iya dafa ƙasa da ƙafa, ko don mai dakon jarkoki da buhuna. Ƙarancinsu ne ma ya sa ake yi musu gyara irin na babur mai ƙafa biyu.

Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Tun wajen 1860 injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya nuna cewa ƙarfe yana gajiya, wato nauyi kaɗan da ke zuwa yana tafiya sau dubbai yakan karya abin da nauyi mai yawa bai karya ba a tashi ɗaya. Jobst Brandt, a littafinsa The Bicycle Wheel na 1981, ya kawo wannan fahimta kan wili. Ya bayyana cewa idan nauyi ya sauka, wayoyin da ke ƙasa ne suke sassautawa, sannan su sake ɗamewa da zarar sun wuce, kuma wannan saki da kamun ne ke cinye wayar a gwiwarta. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, sai dai keke ne a gabansa, shi kuwa keke yana kwantawa a kwana.

Babbar jayayyata da ra'ayin bakin rumfa ce, wanda ba a rubuce yake ba amma ya fi kowane littafi tasiri a Apo. Da waya ta tsinke sai a ce jabu ce, ko a ce mai babur ya cika haɗama wajen lodi. Jabun kaya akwai su, ba na musu. To amma ɗan acaɓa yana ɗora mutum biyu da buhun shinkafa a kan Bajaj Boxer, da irin wayar nan, a kan irin hanyar nan, kuma ba kullum yake zuwa gyaran wili ba. Idan laifin waya ne, me ya sa ta haƙura da wancan ta ƙi wannan?

Hanyar Bincike

An bi hanya biyu: duba bakin wayoyin da suka karye da gurbin da suka fito a rumfunan gyara, da kuma lissafin turin gefe bisa ƙa'idar tafiya a kan da'ira.

Sakamako

Babur mai ƙafa biyu idan ya shiga kwana kwantawa yake yi, saboda haka nauyi da turin kwana suna haɗuwa su bi tsayin wili, ta inda ya fi ƙarfi. Da an ɗaura akwati wannan damar ta ƙare. Babur ɗin yana shan kwana a tsaye kamar mota, taya na riƙe da ƙasa, jikin babur na neman ficewa waje, wayoyi ne kaɗai a tsakani.

A ƙaddara babur da akwati da direba da kaya sun kai kilo 300, suna gudun kilomita 30 a sa'a, a kwanar da ke da mita 15 daga tsakiyarta. Turin gefe zai kai kimanin niyuton 1,390, kwatankwacin nauyin kilo 140. A ba wa ƙafar baya rabi, wato 700. Wayar wili kusan a miƙe take, karkatarta zuwa gefe kaɗan ce. Idan karkatar digiri 10 ce, kashi 17 cikin 100 na ƙarfin wayar ne kawai ke tare turin gefe. Ke nan sai ɗamewar wayoyin ta canza da kimanin niyuton 4,000 kafin su riƙe wancan 700, kuma cikin wayoyi 36 'yan ƙalilan da ke kusa da ƙasa ne ke wannan aikin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓangaren da ɓarnar ke faɗawa. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka dama ce mazaunin akwati. Idan aka karya kwana zuwa hagu, nauyi yakan zube kan ƙafar akwati da ta gaba, ta baya ta sami sauƙi. Idan kuwa dama aka yi, ƙafar akwati takan yi sakayau har ta nemi tashi, nauyin ya dawo kan ƙafafun babur. A daidai wannan lokacin ƙasa tana jan bakin wili zuwa dama, cibiyar wili na matsawa hagu. Wayoyin hagu suna ƙara ɗamewa, na dama da ke fuskantar akwati suna sakewa, alhali nauyin sama ya riga ya sassauta su. Sassauci biyu ya haɗu a kan waya ɗaya. Da ta saki gaba ɗaya, notin da ke riƙe ta a bakin wili ba shi da abin da zai hana shi juyawa, sai ya warware kaɗan kaɗan, gwiwar wayar kuma ta riƙa wasa a cikin raminta.

Bakin wayar da ta karye yana ba da wannan labarin da kansa. A ɗauke ta a duba da hasken rana: mafi yawan wurin karayar sumul yake, ya yi duhu, wani lokaci har da tsatsa, sai ɗan gefe guda mai ƙyalli da kaushi. Mai duhun tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana ci, mai ƙyallin shi ne ragowar da ya tsinke ranar ƙarshe. Ramin da mai babur ya ce ya faɗa jiya ƙarasawa kawai ya yi. Wayar da nauyi ya fi ƙarfinta a tashi ɗaya takan miƙe ta sirance kafin ta yanke.

Daga nan ake gane aibin gyaran da aka saba. Makaniki ya zare karyayyiya ya sa sabuwa, ya ɗame ta ita kaɗai har wilin ya daina rawa, a biya shi a tafi. Maƙwabtanta sun sha wahala iri ɗaya, suna jiran ranarsu ne kawai. Masu ɗiga walda a mahaɗar wayoyi kuwa sun ƙara wa Barno dawaki, domin zafi yana kashe taurin da wayar ta samu wajen ja a masana'anta. Masu ƙera keke NAPEP sun kauce wa matsalar tun daga tushe, suka sa ƙaramin wili na farantin ƙarfe mai inci 8, babu waya ko ɗaya.

Akwai kuma laifin mai walda. Ƙafar akwati tana buƙatar bakinta ya ɗan kalli ciki, babur kuma ya ɗan jingina waje. Idan aka ɗaura da ido kawai, ƙafafun suna ja-in-ja ko a miƙaƙƙiyar hanya, taya ta cinye ta gefe guda.

Iyakar Binciken

Lissafin na ƙiyasi ne, bai sa lanƙwasar bakin wili da laushin taya ba, kuma da kunne aka auna ɗamewar waya, ta hanyar ƙwanƙwasa ta da sifana. Mai na'ura zai iya gyara alƙaluman, amma ba na jin zai sauya ɓangaren da turin ke faɗawa.

Kammalawa

Ranar da aka ɗaura akwati ya kamata a sake ɗame wilin baya gaba ɗaya, a kuma sake dubawa bayan 'yan kwanaki. Idan waya ta biyu ta tsinke a gefe guda, a sauya duk na wannan gefen da masu kauri. Ina kira ga shugabannin makanikai da masu walda na Apo su sa awon ƙafar akwati da igiya ko miƙaƙƙen katako cikin abin da yaro zai iya kafin a yaye shi.