Kiɗan da ido ke gani: Mary Ellen Bute da fim maras labari

A shekarar 1935, ƴan kallo a Radio City Music Hall, katafaren gidan sinima na birnin Niyu Yok mai ɗaukar mutum kusan 6,000, suka ga wani baƙon abu kafin a soma babban fim. Babu ɗan wasa, babu labari. Haske ne da inuwa da siffofi ke jujjuyawa a kan allo, suna bin kiɗan Edvard Grieg. Sunan gajeren fim ɗin Rhythm in Light, wadda ta yi shi kuwa Mary Ellen Bute ce, haifaffiyar Houston a 1906.

Zane Bute ta fara koya, amma sai ta ga cewa zane a tsaye yake, kiɗa kuwa tafiya yake yi. Ta yi aiki da Leon Theremin, maƙerin kayan kiɗa na lantarki, da Joseph Schillinger, mai auna kiɗa da lissafi. Daga nan ta koma ga kyamara tare da Ted Nemeth, wanda daga baya ya zama mijinta. Kayan aikinsu sun haɗa da ƙananan ƙwallaye, warwaro, madubi da takarda mai ƙyalli. A 1940 ta fitar da Tarantella mai launi, a 1952 kuma Abstronic, inda ta ɗauki hoton layukan hasken da wata na'urar lantarki ke zanawa.

Muhawarar wancan zamani ita ce: shin ɗan kallo zai zauna wa siffa da launi kaɗai? Manyan kamfanoni sun yi shakka. Oskar Fischinger, wanda ya baro Jamus zuwa Holiwud a 1936, ya yi wa MGM An Optical Poem a 1938, da yankakkun takardu rataye da zare, bisa kiɗan Liszt. Da ya shiga aikin Fantasia na Disney, sai aka riƙa sauya zanensa don ya yi kama da abubuwan da ido ya saba gani. Ya bar aikin kafin fim ɗin ya fito a 1940.

Bute ba ta dogara da babban kamfani ba. Ita da Nemeth suka riƙa shirya finafinansu, suna kai wa gidajen sinima da sunan “ganin sauti”. Ta haka dubban mutanen da ba su taɓa shiga zauren nune-nunen zane ba suka kalli wannan fasaha.

Ta rasu a 1983. A 2010 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Tarantella cikin jerin finafinan da ya wajaba ƙasar ta adana. Sai dai ƴan kallo sun riga hukuma shaida: tun shekaru 75 kafin nan suka biya kuɗin shiga, suka zauna, suka kalli kiɗa.