Kafin mu sake cewa "ai kyauta ne", a tuna da Galadima

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO za su koma yin jarrabawa a kwamfuta daga 2026, kusan kullum sai na ci karo da wani a nan yana cewa abin ba wuya, ai komai kyauta ne a intanet yanzu. Google Classroom kyauta, Khan Academy kyauta, YouTube kyauta, ga su ChatGPT, malamai ne kawai ba sa son motsawa. Ni ba malami ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin tsakanin fayil da takardun kasafi. Amma na taɓa ganin irin wannan zumuɗin, kuma ina ganin matasanmu da yawa ba su san yadda ta kaya ba.

A watan Janairun 2005 wani farfesa na jami'ar MIT a Amurka, Nicholas Negroponte, ya tashi a taron Davos ya ce zai ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100, a raba wa kowane yaro a ƙasashe matalauta. Sunan shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis, Kofi Annan na tsaye a gefe. Manhajojin cikinta duk na kyauta ne, kowa na iya ɗauka ya gyara. Tunanin Negroponte kuwa shi ne, in ka miƙa wa yaro na'ura ka haɗa shi da intanet, zai koyar da kansa ko da malaminsa bai iya komai ba. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce dai ake maimaita mana yau da sabon suna.

Najeriya ta Obasanjo na cikin ƙasashen farko da suka ɗaga hannu, har ana maganar guda miliyan ɗaya. A 2007 aka fara gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, da 'yan kwamfutoci kore da fari kusan 300. Wanda ya ga hotunan lokacin ba zai manta ba. Yara rungume da su kamar jarirai, suna tafiya da su gida. Kuma a yi adalci, yaran sun ba da mamaki, har wasu suka iya kwance na'urar su gyara wa 'yan uwansu.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Farashin bai tsaya a dala 100 ba, ya kai 188. Wuta ta zama matsala, sai an tada janareta. A watan Yulin 2007 Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito cewa an ga hotunan batsa a wasu daga cikin na'urorin, sai daga baya aka shiga maganar sa matattara. Kamfanin Intel ya shigo da tasa na'urar mai suna Classmate, ya kai ta wata sakandare a Jabi, aka shiga gasar kasuwa a kan 'ya'yanmu. Wani kamfanin ɗan Najeriya, Lancor, ya maka shirin a kotu a Legas, ya ce an kwaikwayi allon rubutunsa mai haruffan harsunanmu. (Abin dariya, har yau yawancinmu ba ma iya samun ƙ da ɗ da ɓ a kwamfutar ofis sai da dabara.) Gwamnati kuma ta canja. Ministan ilimi na zamanin 'Yar'aduwa, Igwe Aja-Nwachuku, ya fito ya tambaya meye amfanin raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama. Maganar miliyan ɗaya ta bi ruwa.

A lokacin na ji haushin ministan nan, na ɗauke shi mutumin da. Yanzu da na ga yadda kuɗin gwamnati ke tafiya, ina ganin ya faɗi rabin gaskiya ne. Kujera ba ita ce ta kashe shirin ba.

Dalilina shi ne abin da ya faru a ƙasashen da suka saya da gaske. Peru ta sayi fiye da 800,000. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantun karkara 319: bayan kimanin wata 15, ba a ga wani ƙari a makin lissafi ko na harshe ba, sai ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. Na'ura ta iso, amma darasi bai canja ba. Ita kuwa Uruguay, ƙasa mai mutum miliyan uku da 'yan kai, ta fara nata shirin mai suna Ceibal a 2007 ƙarƙashin Shugaba Tabaré Vázquez, zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu tasa. Su ma binciken farko bai nuna maki ya tashi ba. Bambancin shi ne ba su tattara sun tafi ba. Sun mayar da shirin hukuma mai zaman kanta da kasafinta, mai gyara abin da ya lalace, mai ja wa makarantu intanet, mai horar da malamai. Suka ƙara dandalin darasi, suka fara koyar da Turanci ta bidiyo daga nesa, malamin aji na zaune tare da yara. Da korona ta rufe makarantu a 2020, su suna da inda za su koma. Mu a nan Arewa rediyo muka koma, sai 'yan makarantun kuɗi da suka lallaɓa da WhatsApp da Zoom.

Ko wannan ma ba shi ne karon farko a yankinmu ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara koyarwa ta talabijin a Yamai tun 1964 da tallafin Faransa, Kwaddibuwa ta bi sahu a 1971 da babban shiri, kuma a farkon shekarun 1980 ta rufe shi.

To ga inda aikina ya shigo. A kasafin gwamnati, sayen kwamfuta yana ɓangaren manyan ayyuka. Akwai kwangila, akwai ɗan kwangila, akwai ranar yanka kyalle da 'yan jarida. Amma man janareta, kuɗin data, batirin sola in ya mutu, mai gyara, horon malami duk zango, waɗannan suna cikin kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara matsewa in wata ya yi nisa, kuma ba wanda ake ɗaukar hotonsa don ya biya shi. Manhaja kyauta ce, e. Duk abin da ke sa ta kunnu a aji na kuɗi ne, kuma kuɗin wata-wata ne.

Akwai kuma tsoro, wanda ba ya fitowa a rahoto. Shekarun baya aiki ya kai ni wata sakandare, ba zan faɗi sunanta ba. Shugaban makarantar, dattijo mai kirki, ya aika a nemo makulli, muka jira kusan rabin awa. Aka buɗe ɗaki, kwamfutoci jere cikin leda, ƙura ta yi musu bargo. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa yara ba sa shiga?" Ya ce, "Yallaɓai, ni na sa hannu na karɓe su. In ɗaya ta lalace, ni za a turo wa takardar tuhuma, kuma ba a ba ni ko kwabo na gyara ba." Wallahi ban iya ce masa komai ba, don a tsarin da muke aiki da shi, lissafinsa daidai ne. Ni ma a rahotona na rubuta cewa kaya suna nan lafiya.

Kada wani ya ce ina adawa da fasaha. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft sun buɗe Nigeria Learning Passport, darussa kyauta bisa manhajar karatunmu, kuma duk malamin da ke da waya ya kamata ya leƙa. A 2024 Bankin Duniya ya yi gwaji na mako shida a jihar Edo, ɗaliban babbar sakandare suna koyon Turanci da Copilot bayan an tashi makaranta, kuma sakamakon ya yi kyau sosai. Amma ku duba yadda aka yi shi. Malami na cikin ɗakin, shi ke buɗe darasi, shi ke zagayawa yana duba ko na'urar ta shirga wa yara ƙarya. Wato akasin abin da Negroponte ya yi zato. Kuma su kansu masu gwajin sun ambaci yankewar wuta da ta intanet cikin abin da ya dame su.

'Yata tana aji biyu na babbar sakandare. A taron iyaye da malamai na zangon jiya na tambayi sau nawa ajinsu ya shiga ɗakin kwamfuta, aka ce sau biyu, ɗaya ma wuta ta ɗauke a tsakiya. Mun amince kowane uba ya riƙa ba da wani abu duk zango don mai da data, an kuma rubuta a takardar taro cewa in na'ura ta lalace a hannun ɗalibi lokacin darasi, ƙungiyar iyaye ce za ta gyara, ba malami ba. Makullin yanzu yana hannun malamin kwamfuta. Ranar Talata za su shiga karo na uku.