Riruwai da Gadon Narkar da Kuza a Kudancin Kano

Mafi yawan abin da aka rubuta game da kuza a Nijeriya yana somawa ne daga Jos, daga lokacin da ma'aikatan Kamfanin Neja suka hau tsaunin Filato a farkon ƙarni na 20. Wannan maƙala na ganin an tsinci labarin daga tsakiya. Abin da ya jawo Turawan tun farko shi ne siraran sandunan kuza da suka tarar ana sayarwa a kasuwannin bakin Binuwai, suka yi ta bin sawu har suka gano masu narkar da ita. Tushen wannan sana'a yana Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin Jihar Kano, bayan dajin Falgore.

Masu wannan aiki sun san ƙasarsu ciki da bai. Sukan wanke yashin rafi a ƙwarya har baƙin tsakin kuza mai nauyi ya kwanta a ƙasa, su zuba shi tare da gawayi a murhun yumɓu, a yi ta zuga da zugazugin fata. Idan ƙarfen ya narke, sai a kwarara shi cikin siraran ramukan da aka fitar da tsinken ciyawa a jikin yumɓu, ya huce ya fito tsinke-tsinke, a ɗaure shi dami-dami. A wannan siffa fatake suka riƙa kai shi Kano da ƙasar Nufe da sauran wurare, inda maƙeran farfaru ke shafe kayan tagulla da shi, suna kuma yin kayan ado. Duk matakin da ke cikin aikin ilimi ne: sanin rafin da ke ɗauke da kuza, sanin itacen da gawayinsa ke riƙe wuta, sanin lokacin da za a buɗe murhu. Uba ke koya wa ɗa, ba a rubuce ba. A ƙarni na 19, zamanin da hare-haren Ningawa suka addabi kudancin masarautar Kano, wasu daga cikin masu sana'ar sun koma ƙasar Bauchi, inda Riruwan Dalma ta yi suna da irin wannan aiki.

Mulkin mallaka ne ya kashe sana'ar, kuma da doka ya kashe ta. Dokokin ma'adinai, musamman ta 1916, sun mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, ita kuma ta yanka filayen ta ba kamfanoni haya. Mai narkarwa ya wayi gari yashin da kakanninsa ke wankewa ya zama na wani. Kamfanonin kuwa ɗanyar kuza suke so, wadda jirgin ƙasa zai kwasa zuwa bakin teku, a narkar da ita a Ingila. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkarwa ta Makeri kusa da Jos. Tsawon rabin ƙarni ke nan ƙasar da ta iya narkar da kuzarta tun kafin zuwan Turawa tana fitar da ita ɗanya, jikokin gwanayen murhu kuma suna ɗaukar kwano a barikin kuza a matsayin lebura. Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya, ya bayyana yadda aka tara waɗannan leburori, har da aikin tilas na 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila.

Akwai masu cewa murhun yumɓu ba zai taɓa yin gogayya da masana'antar zamani ba, don haka ko ba doka sana'ar za ta mutu. Wataƙila haka ne ta fuskar yawan abin da ake fitarwa. Amma ƙira da jima da rini duk sun gamu da kayan Turai, suka raunana, suka canza salo, kuma ga su nan da ransu a Kano, saboda ba a raba masu su da ƙarfe ko fata ko baba ba. Masu narkar da kuza an raba su da ma'adinin kansa, ba a bar musu damar gwada sa'arsu ba.

Zamani na biyu na Riruwai gajere ne. Masana duwatsu sun daɗe da sanin doguwar jijiyar ma'adini da ta ratsa duwatsun garin, mai ɗauke da kuza da zinki. A shekarun 1970 Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1972, ta shiga aikin haƙar ƙarƙashin ƙasa a wurin. Aikin bai ɗore ba, kuma rushewar kasuwar kuza ta duniya a Oktoban 1985 ta yanke ƙaunar farfaɗo da shi nan kusa.

Yau idan ana maganar Riruwai a ofisoshin gwamnati, maganar masu zuba jari ake yi. Ba laifi ba ne, mutanen garin na bukatar aiki da hanya da asibiti. Damuwata ita ce manyan injinan haƙa ba sa bambance tudun banza da kufan murhu, kuma dattawan da suka ji labarin sana'ar daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wuri kafin ya soma haƙa. A cikin wannan yarjejeniya ya kamata masarauta da ƙaramar hukuma su sa sharaɗin a fara zagaya tsofaffin wuraren narkarwa, a auna su, a killace su ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero kuma yana da ɗaliban da za su iya naɗar bakin dattawan Riruwai da na Riruwan Dalma, su gwada shi da rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke ajiye a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Kaduna. Aikin naɗar baki shi ya fi gaggawa, kuma shi ne mafi arha a cikinsu.