Jitar Bes: Tarihin Amon da Ake Ji a Ƙirji

Idan ana biki a Kangire, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, kuma aka ɗauko mai kayan sauti, tun kana nesa akwai abin da ke fara iso maka. Kafin ka gane muryar mawaƙin, wani amo mai kauri ya riga ya zo, yana dum-dum kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Wannan amon shi ake kira bes. Ka ƙarasa filin ka duba: ga sifiku, ga janareta, ga kwamfuta ko fiyano. Da wuya ka ga mutum rataye da doguwar jita mai tsirkiya huɗu, alhali a ƙasashe da yawa aikinsa ne fitar da wannan amo. To daga ina wannan jita ta fito, me ke ci wa mai kaɗa ta tuwo a ƙwarya, kuma me ya sa ta yi ƙaranci a wajenmu? Amsar duka ukun tana komawa ga abu guda: sauti mai kauri yana da tsadar samarwa.

Babban jiki, babbar murya

Sauti girgiza ce da ke tafiya a cikin iska. Abin da ke girgiza da sauri yana ba da siririyar murya, mai girgiza a hankali kuma yana ba da kakkaura. A ƙa'ida, babban abu mai nauyi shi ke girgiza a hankali. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin haka. A cikin duwatsun Birnin Kudu, inda tsoffin zane-zanen shanu suke, akwai duwatsun da idan aka buge su da ƙaramin dutse suke amo kamar ƙarfe. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gan su a 1955, ya wallafa bayaninsu a 1956, kuma ramukan da ke jikinsu sun nuna an daɗe ana kaɗa su.

Haka abin yake a kayan kiɗanmu. Ka kwatanta tambari da kuntukuru, ko ka tuna siririyar muryar kuntigin Ɗan Maraya Jos. A kiɗan Hausa, kaurin sauti galibi aikin fata ne da ƙwarya: ganga, tambari, da ƙwaryar da matan amada ke kifawa a kan ruwa. Kayan tsirkiya irin su goge, kukuma, gurmi da garaya suna yawo ne a sama da tsakiya.

Turawa kuwa sun ba tsirkiya wannan aiki. Suka ƙera wani ƙaton goge da ake kafawa a ƙasa, tsawonsa ya kusa mita 2, wato dabul bes. Matsalarsa biyu ce. Ɗaukarsa zuwa wurin wasa wahala ne, sannan duk girman nan nasa, idan kakaki da ganguna suka tashi sai su danne shi.

Fender da shekarar 1951

Tun a shekarun 1930 wani mai suna Paul Tutmarc a birnin Siyatul na Amurka ya ƙera bes mai amfani da lantarki wadda ake rungumewa kamar jita, amma ba ta yi kasuwa ba. Wanda ya ci nasara shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a jihar Kalifoniya, da ya fitar da Precision Bass a 1951. Ya gindaya ƙananan ƙarafuna a wuyanta don yatsa ya riƙa sauka daidai kan sauti, ya yi gangar jikin da katako marar rami, ya bar wa lantarki aikin ɗaga murya.

Yadda abin ke aiki shi ne, a ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Mu kira shi kunnen jita. Tsirkiyar ƙarfe ce, idan ta girgiza sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a 1831, kuma ita ce dai ke aiki a cikin janaretarka. Amfilifaya ta karɓi 'yar wutar ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta mayar da ita sauti.

Tsirkiya mafi kauri a bes tana girgiza kusan sau 41 a sakan ɗaya, rabin na takwararta a jita ta yau da kullum. Don a samu haka sai da aka ƙara mata tsawo zuwa santimita 86, kaurinta kuma ya wuce milimita 2 da rabi. Zangon sautin da take fitarwa ya haura mita 8. Shi ya sa yake kewaye gidaje da katangu ya same ka a nesa, yayin da siraran muryoyi ke maƙalewa a hanya.

Sai dai Fender bai kawar da matsalar girma ba, ya dai ɗauke ta daga jikin jita ya ɗora wa sifika. Duk lokacin da ka rage saurin girgiza da rabi, sai sifika ta tura iska ninki huɗu kafin ta ba da ƙarfin sauti iri ɗaya. Ga shi kuma kunnen ɗan Adam ba ya jin kakkauran sauti sosai, kamar yadda Fletcher da Munson suka auna a 1933. Don haka mai bes yana buƙatar wuta da sifika fiye da kowa a ƙungiya. Amfilifayar Ampeg SVT da ta fito a 1969 tana ba da wat 300, kuma ita kaɗai, ban da akwatin sifikunta, ta doshi kilo 40.

Yadda ta shigo ƙasar Hausa

A Najeriya bes ta zauna da gindinta a ƙungiyoyin hailaif na otal-otal da gidajen rawa, daga baya kuma a kiɗan Fela Kuti, inda take maimaita zubi ɗaya na tsawon mintuna, sauran kaya su hau kai. A Arewa, fitaccen wanda ya haɗa irin wannan ƙungiya da waƙar Hausa shi ne Bala Miller, ɗan asalin Zariya da aka haifa a 1928 ya rasu a 2003, mai waƙar nan ta Ikon Allah. Ban da irinsa, inda bes ta fi samun wurin zama shi ne coci-coci da ƙungiyoyin kiɗan sojoji da 'yan sanda. Manyan mawaƙan Hausa irin su Mamman Shata ba su neme ta ba, domin kalangu ya ishe su.

Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990, sai aka zaci lokacin masu jita ya zo. Amma abin da ya shigo situdiyo shi ne fiyano, musamman samfurin Yamaha PSR. Irin wannan fiyano yana da wata dabara: ka danna sauti biyu ko uku da hannun hagu, shi da kansa zai fitar da ganga da bes su bi ka. Mutum ɗaya ya zama ƙungiya. Ga furodusa mai ƙaramin jari, lissafin a fili yake, sallamar mutum ɗaya ta fi ta biyar sauƙi. A kan wannan aka gina kiɗan nanaye, daga baya kwamfuta ta karɓi aikin. Amon da kake ji a bikin Kangire jikan wancan hannun hagu ne.

A Nijar tarihin ya bi wata hanya. Ƙungiyar Mamar Kassey, da Yacouba Moumouni ya kafa a 1995, ta zaunar da bes ta lantarki kusa da molo da kalangu da sarewa. Tal National ta Yamai, wadda wani alƙali da ake kira Almeida ya kafa a 2000, ta yi suna da wasan awa biyar a dare ɗaya, sau da yawa a mako, cikin harsunan Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci. Inda ake biyan kuɗi don a ga makaɗa a tsaye, mai bes yana da abin yi.

Abin da ke hana mai bes barci

Ka ɗauka yau kai ne aka kira wasa daga Kano zuwa Gwaram. Damuwar farko kaya ne. Jitar kanta kilo 4 ce ko kusa da haka, kuma a kafaɗarka za ta wuni. Amfilifayoyin zamani sun kawo sauƙi, akwai mai wat 500 da ba ta kai kilo 3 ba, amma akwatin sifika har yanzu sai da girma, domin iska ba ta san zamani ba.

Ta biyu wuta. Lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a sakan, kuma kunnen jita yana iya tsinto wannan juyi ya mayar da shi gurnani a sifika. Abin haushin shi ne, ɗaya daga cikin sautukan da mai bes ke yawan taɓawa, wanda ake kira G, yana girgiza sau 49. Idan biyun suka haɗu sai ka ji sautin yana kumbura yana sacewa sau ɗaya kowane sakan. Ƙaramar janareta kuma ƙarfinta na faɗuwa daidai lokacin da bes ta ja wuta da yawa, sai sauti ya dagule. Mafi hatsari shi ne rashin wayar ƙasa. Tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya, saboda haka idan wuta ta zube, ta hannunka za ta nemi hanya. A 1972 wani mai jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya mutu a gaban 'yan kallo bayan ya taɓa makirufo mai irin wannan matsala. Kada ka yarda a cire maka ƙafar ƙasa ta fulogi don a kashe gurnani.

Ta uku yanayi. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, shi ya sa aka binne sandar ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa ko sassautawa. Katako kuwa yana shan danshi yana fitarwa. Da hunturu, lokacin da danshin iska a Jigawa ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon yana tsukewa, bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar yatsa. Da damina ya kumbura, tsayin tsirkiya daga wuya ya canza. Jitar da aka saita a Legas ba za ta zauna haka a Birnin Kudu ba, sai an sake saita ta aƙalla sau biyu a shekara. Barin ta a cikin mota a rana kuwa neman asara ne.

Ta huɗu tsirkiya. Siririyar waya aka naɗe a kan wata, kuma gumi da ƙura suna cika tsakanin naɗin har muryar ta dushe. Daga waje ake shigo da su, sun fi na jita tsada nesa ba kusa ba, kuma idan ɗaya ta tsinke maka a Gwaram, mai yiwuwa sai Sabon Garin Kano. Shi ya sa masu bes a ko'ina suka san dabarar tafasa tsoffin tsirkiyoyi a ruwa don dattin ya fita, ko da yake gyaran ba ya daɗewa. Goge su da ƙyalle bayan kowane wasa ya fi araha. Wasu ma dusasshiyar muryar suke so: James Jamerson na kamfanin Motown ya shahara da ƙin canza nasa sai sun tsinke.

Akwai kuma damuwa ta zamani. Yawancin masu sauraro a waya suke jin waƙa, kuma 'yar sifikar waya ba ta iya fitar da girgiza 41. Abin da ke ceton mai bes shi ne, tsirkiya tana fitar da wasu girgizar a sama, 82, 123, 164 da sauransu, kuma idan kunne ya samu na saman, ƙwaƙwalwa kan cike na ƙasan da kanta. Don haka gwanaye ke barin ɗan kaifi a sautinsu.

Idan kana sha'awar koyon wannan sana'a, ka fara lissafi daga amfilifaya da wuta kafin jita, domin bes ba tare da su ba katako ne mai raɗa. Ka kuma san abin da za ka kawo wanda fiyano ba ya iyawa. Na'ura tana bin zubin da aka ɗura mata, mutum kuwa yana jin mai kalangu ya ja baya ya jira shi, yana ganin 'yan rawa sun ɗau zafi ya ƙara musu. Ƙungiyoyin Yamai sun nuna cewa bes da kalangu suna zama inuwa ɗaya, kuma babu abin da ya hana a gwada hakan da gangunan Jigawa.