Kaset Ɗin 'Yan Makaranta: Tarihin da Ke Shirin Salwanta

Duk inda tsofaffin abokan makaranta suka haɗu a ƙasar Kankiya da Kusada, ko a wajen ɗaurin aure a Mawashi ko a zaman makoki, da wuya a watse ba a tuno kaset ɗin da aka taɓa cikawa da waƙa a ɗakin kwana ba. Mu a ganinmu wannan abu ya wuce hira, tarihi ne.

A zamanin faifan garmaho sai mawaƙin da ya yi suna ne kamfani ko gidan rediyo ke ɗaukar muryarsa, irin su Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, maƙwabciyar Kankiya. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma bai wadata a hannun jama'armu ba sai bayan kuɗin Udoji na 1975, lokacin da ma'aikata suka yi ta sayen rikoda. A 1976 kuma aka soma shirin ilmin firamare kyauta, makarantu suka cika. Da rikoda ta haɗu da ɗan makaranta, sai ya zamana yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba ne yana iya jin muryarsa kamar ta Shata.

Kayan aikin ba su da yawa: rikodar aro, batir huɗu ko shida, da kaset mai minti 60 ko 90. Bokiti da galan su ne ganga, 'yan aji su ne 'yan amshi. In an yi tuntuɓen harshe sai a zura biro a mayar da zaren baya, don kada batir ya ƙare. Ana waƙe ƙosan kantin makaranta, da bulalar shugaban ɗalibai, da kewar gida.

Tun da finafinan bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, kiɗan fiyano ya shigo, faifan CD da wayar hannu suka biyo baya, kaset ya koma ƙasan akwati. Can kuwa zafi da damshin damina suna cin zaren, rikodar da za ta juya shi ma ta yi wuyar samu.

Shata ya rasu a 1999, amma ya yi dace da manazarta: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a 1975, su Ibrahim Sheme kuma suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Waƙar 'yan makaranta ba ta da mai yi mata wannan hidima sai mu. Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, wanda duk ke da irin wannan kaset ya nemi a juye masa shi a kwamfuta, ya rubuta baitocin, da shekarar, da sunayen masu amshi, tun suna da rai ana iya tambayarsu. Allah Ya sa mu dace.