SATA

SATA, wato Serial ATA, tsari ne na waya da mahaɗi da ake amfani da shi wajen haɗa faifan ajiyar bayanai da babban allon kwamfuta. Ƙungiyar SATA-IO, wadda aka kafa a 2004, ita ce ke kula da ƙa'idojinsa.

Tarihi

Kafin zuwan SATA, ana amfani da PATA ne, wanda ake kira IDE. Wayarsa mai faɗi ce, mahaɗinta na da haƙora 40, kuma ƙa'ida ba ta yarda tsawonta ya wuce santimita 46 ba. Faɗin nan yana tare iskar da ke sanyaya kwamfuta. SATA na farko ya fito a 2003 da gudun gigabit 1.5 a daƙiƙa, na biyu a 2004 da gigabit 3, na uku kuma a 2009 da gigabit 6. Sabon faifai yana aiki a tsohuwar kwamfuta, sai dai gudunsa ba zai wuce na tsohon tsarin ba.

Ire-iren mahaɗi

Mahaɗin bayanai: haƙora 7, wayarsa ba ta wuce mita 1.

Mahaɗin wuta: haƙora 15, yana ɗaukar volt 3.3 da 5 da 12. Shi da na bayanai bakinsu na da siffar harafin L, don kada a soka su a juye.

eSATA: na faifan da ke wajen kwamfuta, wayarsa na kai mita 2.

SAS: tsari ne na daban da manyan kwamfutocin ma'aikatu ke amfani da shi. Yana karɓar faifan SATA, amma allon SATA ba ya karɓar faifan SAS.

Bin ƙa'ida

Wayar da ba ta cika ƙa'ida ba kan jawo katsewar aiki da kurakurai wajen kwafar bayanai. An sha samun rahoton ƙonewar mahaɗai masu arha da ke juya wutar Molex zuwa ta SATA. Haka kuma gyaran ƙa'ida na 3.3, na 2016, ya mayar da haƙori na uku a mahaɗin wuta ya zama na kashe faifai, shi ya sa wasu sabbin faifai ke ƙin tashi idan tsohuwar na'urar wuta ta tura volt 3.3 ta wurin.

A Najeriya, hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ke sa ido kan ingancin kayan lantarki da ake shigowa da su, ta hanyar shirin SONCAP.