Berney Arms: Tashar jirgin ƙasan da mota ba ta zuwa

Berney Arms ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila, a kan layin da ya tashi daga Norwich ya bi ta Reedham zuwa garin Great Yarmouth na bakin teku. Tana tsakiyar fadama kusa da kogin Yare, kuma tazararta da hanyar mota mafi kusa ta haura kilomita 3. Ba a isa gare ta sai ta jirgin ƙasa, ko jirgin ruwa, ko da ƙafa.

Tarihi

An buɗe tashar a shekarar 1844, tare da layin dogon farko da aka shimfiɗa a Norfolk. Sunanta ya samo asali daga Thomas Trench Berney, mai filin da layin ya ratsa. Da zai sayar wa kamfanin jirgin filin, sai ya gindaya sharaɗin a gina tasha a wurin. Kamfanin ya gina, amma bayan 'yan shekaru jirage suka daina tsayawa. Hujjar kamfanin ita ce alkawarin gini ya ɗauka, bai ɗauki na tsayawa ba. Sai da aka sha doguwar shari'a kafin a daidaita cewa jirage za su riƙa tsayawa har abada.

A 1883 aka buɗe wani layin zuwa Yarmouth ta garin Acle, wanda ya ɗauke akasarin zirga-zirgar. Duk da haka tashar ta tsira daga sarar rahoton Richard Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,300 a faɗin Birtaniya.

Abin da ke tashar

Babu ma'aikaci ko ɗaya, babu ofishin sayar da tikiti, babu wurin ajiye mota. Dakalin hawa jirgi guda ne, gajere, ga 'yar rumfar fakewa da allon suna. Jirgi ba ya tsayawa sai an nema: mai jira ya ɗaga wa direba hannu, mai sauka kuma ya sanar da kwandasta tun da wuri. Yawancin masu zuwa masu yawon ƙafa ne da masu kallon tsuntsaye a fadamar, sai masu ziyartar tsohon injin iska da ke kusa.

Daga Oktoban 2018 zuwa Fabrairun 2020 an rufe layin domin sabunta na'urorin ba da hannu. Wannan ya sa alƙaluman hukumar kula da jiragen ƙasa ta Birtaniya na shekarar 2019/2020 suka nuna fasinjoji 42 kacal, adadi mafi ƙanƙanta a ƙasar baki ɗaya.

Dalilin da ya sa ba a rufe ta ba

A Birtaniya kamfani ba shi da ikon rufe tasha don kawai ba ta kawo riba. Dokar jiragen ƙasa ta 2005 ta wajabta a fitar da sanarwa, a ji ra'ayin jama'a, sannan hukuma ta tabbatar an bi ƙa'ida. Masu suka na ganin asarar kuɗi ce kula da tashar da ba ta da fasinja. Masu goyon baya na cewa sufuri hidimar jama'a ce, ba a auna shi da ciniki kaɗai. Kamfanin Greater Anglia da ke tafiyar da tashar ya koma hannun gwamnati a watan Oktoban 2025, don haka yanzu alhakin cika alkawarin 1844 yana wuyan gwamnati.